Kafar da na toshe a ɗakin sama

Shekarar korona ta same ni a ƙasar waje, a unguwar Sri Petaling, daga ni sai 'yata mai shekara huɗu. Mijina ya je gida tattaro bayanan bincikensa, aka rufe iyakoki yana can. Ɗakinmu shi ne na ƙarƙashin rufi, inda in ka miƙe a gefe sai kanka ya bugi silin.

Dattijon da ya ba mu haya ɗan ƙasar ne, mai son gyare-gyare. Kafin mu tare ya shimfiɗa soso mai kauri tsakanin rufi da silin don kada zafin rana ya sauko, ya bi bakin taga da ƙofa da roba, ya cike kowace tsaga domin sanyin AC ya zauna a ciki. Sai dai ya bar wata 'yar kafa mai raga a saman bango, da ƙaramar fanka a cikinta. Ya yi mini bayaninta. Na yi ta gyaɗa kai, hankalina yana kan inda zan jera tukwanena.

Da aka kulle gari, tsoro ya shige ni. An ce ciwon a iska yake yawo, ga kuma kafa a buɗe a saman kan 'yata. Na hau kujera na kashe fankar, na cusa tsohon ɗankwali a ciki, na liƙe. AC ma na daina kunnawa, don mu a gidanmu an yarda sanyin na'ura yana kama ƙirjin yaro. Zafi kuwa na san maganinsa tun ina ƙarama a Sakkwato: a jiƙa zani a rataya, a yayyafa ruwa a ƙasa. A can kafin la'asar zanin ya bushe, ya bar wa ɗaki sanyi. A nan sai ya wuni ya kwana sharkaf. Na gani sarai, amma na ce iskar garin ce ba ta da kirki, na ƙara zani na biyu. Taurin kaina ba yau ya fara ba.

Bayan 'yan makonni yarinyar ta fara tari, ƙirjinta yana fito in ta ja numfashi. Sau biyu aka yi mata gwaji, ba korona. Ni kuma duk tarin da ta yi sai in sake bin bakin taga da tsumma.

Wata safiya dattijon ya kawo mana tapau, ƙunshin shinkafa daga kedai, wato shagon abinci, ya tsaya bakin ƙofa da takunkuminsa. Ya ji tarin, ya shaƙi iskar da ta fito daga ɗakin.

"Puan, boleh in duba ciki?" ya nemi izini, yana kirana yadda suke kiran matar aure a yarensu.

"Shigo, Pak Cik," na ce, kamar a ce baffa.

Ya janye gadon 'yata daga bango. Fumfuna ce baƙa ƙirin, tun daga ƙasa har daidai inda take aza kanta. Ya ɗaga ido ya ga ɗankwalina a kafar.

"Ɗakin da aka liƙe haka dole ya yi numfashi lah," ya ce a hankali. "Ta nan laima take fita."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na ji sauƙi. Ya ciro ɗankwalin, ya ninke, ya miƙo mini da hannu biyu.

Mun wanke bangon, tarin ya ragu, amma likita ta ce ƙirjin ya riga ya zama mai saurin kamuwa. Ranar da mijina ya dawo, ya ɗauki 'yarsa, ya ce da ni, "Allah ya saka miki, kin tsare mini ita." Sai da na yi wata guda kafin na iya gaya masa.

Har yanzu ba na shakkar son da na yi aikin da shi, kuma wannan ne ya fi damuna. Yarinyar ta girma, tana makaranta. Kowace safiya ni nake saka mata maganinta na shaƙa a jaka, in ta juya baya in sake buɗewa in duba.