Karan Awon Ƙafar Babur

Babur ɗin Baffana ya girme ni. Irin na tsere ne, mai tudun tanki, wanda sai an sunkuya ake riƙe kansa, kuma duk Lambara babu irinsa. Baffa ƙanen mahaifina ne, malamin dabbobi. A kan babur ɗin yake zagaya rugage tsakanin Mandera da Shagari, akwatin allurai ɗaure a inda ya kamata mutum na biyu ya zauna. Ni ban taɓa tuƙa shi ba. Wanki kawai nake yi masa idan na zo hutu daga makaranta a Sakkwato, shi ma don aiki ne da ba ya bukatar magana.

A ƙarshen wata damina Baffa ya faɗa ramin da ruwa ya rufe a hanyar Mandera. Ya karye a ƙauri. Ƙafar babur ta gaba ta tsage, ta baya ta lanƙwashe, kuma ba masu waya ba ne da bakanike zai ɗaure su miƙe. Zubi ne, idan sun lalace sai dai canji. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama, ya ce a fara takawa da sanda. Baffa ya ƙi. Da na dawo hutu na tarar da shi kwance yana fuskantar bango, babur kuma an ɗora shi a kan bulo a zaure.

Baba, mahaifina, ya riga ya yanke shawarar sayar da babur ɗin ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke zuwa ranar kasuwa. Ina shara na ji su.

"Yaya, ka bari in samu ƙafa," in ji Baffa daga ɗaki.

"Wace ƙafa? Taka ko tashi?" Baba ya ce. "Wanga abu ya kusa kashe ka. In an samu wadda ta dace kahin ranar kasuwa, to. In ba a samu ba, sikeli za shi hau."

Baba ya faɗi haka ne don ya tabbata ba za a samu ba. Ni kuma na lura cewa duk kwanakin nan wannan ne kaɗai abin da Baffa ya buɗe baki ya roƙa. Da na kai masa fura, na ce zan je Bodinga in duba. Ya zaro kuɗi daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini.

Damuwata ita ce magana. Na san kaina: idan mai kaya ya ɗaga murya ya ce wannan ce, zan ce to, in ɗauko. Hoton da na ɗauka a waya ba ya nuna girma. Sai na yi tunanin abin da zai yi bayani a madadina. Na zaro busasshen karan dawa mai tsawo daga dangar bayan gida, na zauna gaban babur da wuƙa. Na auna faɗin ƙarfen ƙafar gaba daga baki zuwa baki, na yi tsaga. Daga wannan tsagar na ci gaba da kaurin wurin da taya ke zama, sannan faɗin cibiya tsakanin hannayen da ke riƙe da ita, sannan tazarar ramukan kusoshin faifan birki. Na koma ƙafar baya na yi haka, har da wurin zaman haƙoran sarƙa. Ban so awo ya hau kan awo, saboda haka na jera su bi da bi. Da na gama na datse ragowar. Karan ya ɗan fi ni tsawo.

Da hantsi na fito da shi a hannu. Hanyar bakin titi daga gidanmu ta gefen maƙabarta take bi. A ƙarƙashin dalbejiyar masallaci na wuce ladanin unguwarmu da wasu dattawa. Na rage tsawo na gaishe su, kaina a ƙasa kamar kullum, na ƙara sauri don kada a tsayar da ni da tambayar karatu. Na ji ladan ya yi salati a bayana. Ban waiwaya ba.

A Bodinga na sauka kusa da masu albasa, aka nuna mini rumfar wani mai kayan kwance. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da dariya a kusa. Ya kalli hoton, ya kalli karan.

"Ɗan makaranta, kiwo kaka zuwa ko sayayya?"

Ya shiga ciki ya fito da ƙafafu biyu masu sheƙi, zanensu daidai da na Baffa. Zuciyata ta yi sanyi. Na durƙusa na ɗora kara. Faɗi ya yi, kauri ya yi. A cibiyar ta gaba sai tsagar ta faɗa ciki da kamar kaurin ɗan yatsa.

"Wanga ba komi ba na," ya ce. "A ɗan goge da dutsin washi, ta shige."

Idan aka goge gefe guda, faifan birki ba zai zauna a tsakiyar maƙoshinsa ba, zai riƙa cin gefe. Na san haka, amma bakina ya ƙi buɗewa. Sai na sake ɗora karan, na sa farce a kan tsagar, na bar shi a nan. Ya duba, ya tsaki, ya yi dariya.

"Kai da sandarka kun fi alƙali tsanani. Taho."

Ya kai ni bayan rumfa inda ƙarafa suke jibge, kaji na kiwo a tsakaninsu. Muka yi ta jawowa muna gwadawa har rana ta take. Wata faɗinta ya yi amma ramukan kusoshi sun yi nisa da juna. Wata komai ya yi, sai da na kankare laka na ga siririyar tsaga a gindin ɗaya daga cikin ƙarafan da suka haɗa cibiyarta da bakinta. Ta gaban da ta dace baƙa ce, fentinta duk ya ɓare. Ta bayan kuwa ja ce jawur, wani ya taɓa shafa mata fentin ƙofa. Na juya kowacce a kan sandar ƙarfe ina sauraron boris ɗin da ke cikin cibiya, ban ji ƙara ba.

"Ba su yi kama da juna ba hwa," in ji mai kaya.

"Sun yi kama da babur ɗin," na ce. Ita ce magana mafi tsawo da na yi a rumfar.

Na biya, na ɗauko su. A cikin motar komawa gida na ciro waya na ga kiran Inna, mahaifiyata, rututu. Kafin in kira, caji ya ƙare.

Na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu, da mutane. A wurinmu idan an yi rasuwa, da kara ake auna tsawon mamaci a aika wa masu haƙa. Ladan ya ga yaron gidan da ake jinya ya fito da datsattsen kara, kansa a sunkuye, ya nufi hanyar maƙabarta. Kafin azahar labari ya kai rugagen Mandera. Makiyayan da Baffa ke yi wa shanunsu allura suka zo, wasu ko takalmi babu. Baba ya yi ta cewa lafiya lau, amma kowane sabon zuwa sai ya fara yi masa ta'aziyya kafin ya saurara. Daga ƙarshe Baffa ya gaji da jin ana roƙa masa gafara ta taga, ya ce a miƙo masa sandar nan.

Yana zaune a bakin zaure lokacin da na iso, ƙafarsa a miƙe, ana ta yi masa tsiya.

"Ga mai binne ni da rai!" ya ce. "Mi ka samo?"

Na ajiye ƙafafun. Wani makiyayi ya ce ja da baƙa, kamar shanun gado. Aka yi dariya, ban da Baba. Idonsa ya yi ja, ya tsaya yana kallon ƙanensa kamar bai gama yarda ba. Na ɗauka yanzu ne zai ce a fitar da babur ɗin ko da ƙafa ko babu.

Baffa ya ce a gwada ta gaba a gani. Ana bukatar mai riƙe kan babur kada ya zame daga bulo, ni kuma hannayena na ƙasa. Baba ya naɗe hannun rigarsa ya riƙe. Na mayar da faifan birki a jikin ƙafar, kusoshi suka faɗa ramukansu. Na zura sandar cibiya, ta shige ba tare da an buga ba. Baffa ya miƙo sandarsa ya tura ƙafar, ta yi ta juyawa shiru, ba ta taɓa ko'ina ba.

"Ba za ka hau ba sai ka taka masallaci da ƙafarka," in ji Baba, bai saki kan babur ba.

"Na ji, Yaya."

Ranar kasuwa 'yan gwangwan suka zo, aka ba su tsofaffin ƙafafun biyu. Baffa ya so a ajiye karan saboda gaba. Da na je nema, Inna ta riga ta kakkarya shi ta hura wutar tuwo.