Direban da Ya Jefar da Karen Kawu

Kawuna mai faci ne a bakin babban titi, kuma bai haɗa karensa Manaja da kowa ba. Shi yake fara zuba wa abinci kafin ya ci nasa, har matarsa takan ce in gobara ta tashi ta san wanda za a fara fitarwa.

Wata rana suna dawowa daga wajen likitan dabbobi a motar haya, Manaja ya yi amai a takalmin wani fasinja. Direban, mara imani, ya taka birki, ya finciko karen ya jefar a gefen hanya, ya ja mota. Kawu na kujerar baya, kaya sun danne shi, sai ihu yake yi. Sai washegari Manaja ya iso gida, tafin ƙafarsa duk ya tsage.

Kawu bai kai ƙara ba. Ya dai riƙe fuskar mutumin.

Ran nan da tsakar rana sai ga direban yana gangaro taya, ya jiƙe sharkaf da gumi, fasinjoji na can suna zaginsa.

"Maigida, taimaka ka yi mini faci."

Kawu na cire wa Manaja kaska a kunne, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ina da aiki. Akwai wani mai faci bayan gada, daidai inda ka jefar da wannan."

"Haba Maigida, ai da nisa!"

"Na sani," in ji Kawu. "Da ƙafa ya taho."