Malam Sada a Kan Santsin Dutse

Ko tsufa ya rikita ni, ba na jin zan manta da Talatar da na hau dutse da Malam Sada. Ku sababbin da aka ɗauka bana kuna cewa na cika faɗa a kan zaɓen hanya. To ga dalilin.

Ga wanda bai san aikinmu ba: kamfanin safiyo ne, ofishinmu na GRA. Safiyo shi ke awo, shi ke lissafi. Mu masu ɗaukar kaya mu ke goya na'ura mai ƙafa uku mu kai ta kan dutse, inda aka kafa turken siminti, mu daidaita ta, shi kuma yana ƙasa da tasa yana karantawa. Ni firamare na tsaya, amma shekarata goma sha tara ina wannan hawan. Doka ɗaya ce ba a karyawa: mutum biyu ke hawa, ba ɗaya ba.

Abokin hawana gwiwa ta ajiye shi. Sai aka ba ni Malam Sada, masinjan ofis. An rage ma'aikata, aka ce masa ko ya fita fili ko ya tafi gida. Mutum ne ya doshi hamsin, ga tumbi, ga tabarau, ga iyali a Kambarawa, layi biyu tsakaninmu. Abin da ya taɓa hawa a duniya bai wuce benen ofis ba.

Al'adata, in za a hau da sabon mutum, ina zuwa tun ana gobe in nemo hanya. Ran Litinin na hau babur na tafi dutsen, can wajen gari. Ban tambayi samari ba, su ko'ina hanya ce a wurinsu. Matan da ke yin itace na jira. Hanyar da mace ke saukowa da ɗauri a ka, ba ta dafa ko'ina, ita ce hanyar ɗan koyo. Tasu ta gabas take. Tana da zagaye, za ta ci awa ɗaya da rabi, amma duk tsaga ce da matakai, ga inuwa wuri biyu. Na bi ta sama da ƙasa tare da matan, na jera duwatsu uku-uku a kowace kwana.

Ran Talata, tsakiyar bazara, maimakon mu fita da sassafe sai ƙarfe goma, wai ana jiran sa hannu. Safiyon da ya jagorance mu sabo ne, Injiniya Mannir. Muna isa ya sa direba ya tsaya ta yamma, ya zaro waya, ya ja layi da yatsa daga mota zuwa ƙololuwa.

"Nan za ku bi. Minti ashirin."

Na ce, "Yallaɓai, waya ba ta nuna santsi. Na nemo hanya ta gabas."

"Awa nawa?"

"Ɗaya da rabi."

"Malam Ado, ina da taro ƙarfe biyu. Kai ba ka taɓa bin irin wannan ba?"

"Ni na bi. Wanga bawan Allah fa?"

Sai ya juya, a gaban direba, a gabana, ya ce, "Malam Sada, za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Ku gaya mini, mutumin da aka ce masa ko fili ko gida, me zai ce? Ya gyara tabarau ya ce, "Zan iya, ranka shi daɗe."

Na dubi ƙafarsa. Sabon takalmin sefti, irin na kariyar ma'aikata, ƙasansa kamar katako. Na ce ya cire ya sa na roba. Injiniya ya ce dokar kamfani ce, kuma za a ɗauki hoto a sa a rahoto. Aka ɗauki hoton. Ni kuma na goya na'ura. Wannan goyon shi ne laifina, ba na ɗora wa kowa.

Farkon hawan lafiya lau, har Malam Sada yana tsokanata wai ashe abin da nake cika baki a kai ke nan. Da muka kai rabi sai ga santsin, fili guda sumul kamar bayan ƙwarya, rana ta gasa shi. Na wuce gaba ina nuna masa inda zai taka. Ya yi taku shida. A na bakwai takalmin ya zame, ya kwanta ruf da ciki, sannan ya yi abin da na hana shi tun a ƙasa: ya waiwaya.

Shi ke nan, ya ƙame. Tafin hannunsa a kan dutse mai zafi, ya kasa ɗagawa. Ƙasa da shi kaɗan dutsen ya yanke, faɗuwar ta fi tsawon bene biyu.

"Ado, in na tahi, ka ce ma matata Hajara..."

"Rufe mani baki! Ni ba masinjanka ba ne, kai za ka kai saƙonka. Dubi dutse, kada ka dubi komi sai dutse."

Rediyon oba-oba da ke ƙuguna ya yi ƙara, muryar Injiniya ce. "Malam Ado, mi kuke jira? Lokaci fa shina tahiya." Na kashe shi.

Na cusa na'ura cikin wata tsaga. Igiyar da muke jawo kaya da ita na zarga a wani kututturen dutse, na ɗaura masa a ƙugu. Na zagaya ƙasa da shi, na kwance takalman na jefar. Sannan na riƙa kama dunduniyarsa ina ajiye ta inda za ta zauna, wani wurin a kan kafaɗata. Taku ɗaya, mu huta, ya yi salati. Taku shidan da ya yi cikin minti biyu sai da suka ci mana kusan awa guda.

Da muka kai inda zai iya zama, na ga gaban wandonsa a jiƙe. Ya ga na gani. Dattijo mai 'ya'ya, ya sunkuyar da kai yana kuka ba sauti. Na buɗe gorar ruwanmu na kwara masa duka tun daga ka har ƙafa, na ce zafi ya yi masa yawa.

Muna isa mota, ƙafarsa ba takalmi, hannayensa sun yi bororo, abin da Injiniya ya fara tambaya shi ne, "Ina na'ura?"

Na ce, "Tana can. Minti ashirin ne, je ka ɗauko."

Wannan maganar ta jawo mini takardar gargaɗi, wai rashin ladabi da barin kayan kamfani a daji. Washegari ni kaɗai aka tura na ɗauko ta, ba wanda ya tuna da dokar mutum biyu. A rahoto an rubuta cewa Malam Sada bai dace da aikin fili ba. Hanyar da aka bi, ko kalma ɗaya.

Na shiga wurin manaja na roƙi a ba shi rana guda, in hau da shi yadda na tsara. Manajan ya yarda. Malam Sada ne ya ƙi. Na same shi a ƙofar gida, hannu a naɗe da bandeji, ya ce, "Na gode, Ado. Amma ni yanzu ko tsani na gani gabana faɗuwa yake." Yanzu yana tsaron rumfar surukinsa a Babbar Kasuwa. In na bi ta layin yakan gaishe ni, amma ba ya son mu haɗa ido.

Da an bi da shi ta hanyar da ta dace, da mutumin nan ya iya aikin. Na koyar da waɗanda suka fi shi nauyi da tsoro. Hawan farko shi ke yanke wa mutum hukunci, in ya tsorata a ranar, ya tsorata ke nan. Saboda haka kada ku taɓa tambayar sabon mutum ko zai iya a gaban mai iya korarsa, ƙarya zai yi muku, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda zai tsaya a ƙasa kuma ba shi ke zaɓar hanya ba, ko digirinsa nawa. In ya matsa, ku sauke kayan a gabansa ku zauna. Takardar gargaɗi ina da ita a akwati, ba ta hana ni barci. Malam Sada ke hana ni.