Buhun Gwaggo

Da aka raba gado, gonar da wuta-wuta ta cinye ce ta faɗo wa Gwaggo. Ciyawa ce mai kyan fure kamar ba ta san mugunta ba, alhali a ƙarƙashin ƙasa tana manne da saiwar dawa tana tsotse ta.

"Ki bar wa masu bulo su kwashi ƙasar, ki huta," in ji yayanta.

"Haba Yaya, a nan fa Baba ya koya mini riƙon fartanya. Ka ba ni damina uku."

"Uku. In dawa ba ta yi ba, ni zan kawo su da kaina."

Kowa in ya yi noma, sarewa yake ya bar ciyawar a kwarin kunya ta bushe. Gwaggo kuwa da hannu take tumɓuke wuta-wuta tun furen bai ƙosa ba, ta cusa a buhu, ta ɗaure bakin tamau, ta kai gefe ta ƙona. Ta ce irinta kamar ƙura yake, tsiro ɗaya in ya zubar ya gama da shekarun mutum.

Damina biyu ba ta shuka dawa ba, sai gyaɗa da waken suya, tana jido takin awaki a ka. Bayanta ya sha wuya, yatsunta suka tsattsage. Maƙwabta kuwa sun samu abin yi.

"Sannu da girbi, Gwaggo! Buhu nawa yau?"

Abin yana mata ciwo, amma sai ta ce, "Ɗaya da rabi, Allah ya amfana," ta wuce abinta.

A damina ta uku ta shuka dawa. Kullum tana bin kunya-kunya da buhu, wata rana ta dawo da shi rabi, wata rana tafin hannu kawai. Dawa ta tashi ta fi tsawon mutum, yayin da gonar Yaya ta yi ja da furen wuta-wuta.

Ranar da take yankan dawa, sai ga Yaya da buhu a hammata. Tausayi ya kama ta, ta miƙa hannu.

"Kawo in cika maka, Yaya."

Ya riƙe buhunsa gam, kansa a ƙasa.

"Ba hatsi na zo nema ba. Zo ki nuna mini yadda ake tumɓukewa."