Gawayin da Ya Ceci Yayana

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da na kusa kashe yayana da hannuna ba. 'Yan shekaru ne bayan fara shari'ar Musulunci, lokacin maganin kashe ciyawa bai daɗe da shigowa ƙauyenmu na wajen Dutsi ba.

Mu manoma ba ma yar da roba. Da na gama feshin gonar dawa sai na juye ragowar maganin a robar zoɓo, na ajiye a gindin gawo, wai ni mai tattali. Yaya ya taso daga tasa gonar da ƙishi, ya ɗaga ya kurɓa. Ya yi maza ya tofar, amma kaɗan ya riga ya wuce cikinsa.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika, kowa ya zama likita. Wannan ya ce manja, wancan ya ce nono, Inna kuwa har ta dama ruwan gishiri don ya yi amai. Matar Yaya, wadda kullum nake tsokana da cewa ba ta da baki, ita ta hana. Ta ce ta ji a rediyo ba a sa amai. Ta sa na ɗauko ainihin galan ɗin maganin, muka ɗora Yaya a babur sai asibitin Daura, Inna ta biyo mu a mota.

Likita ya karanta rubutun jikin galan, ya zura wa Yaya siririn tiyo ta hanci ya zuƙe abin da ke cikinsa, sannan ya ɗura masa wani baƙin ruwa. Inna ta tambaye shi ko mene ne.

"Gawayi ne, Inna, amma ba irin na murhunki ba," in ji shi. "Shi zai kama dafin tun a ciki, ya fita da shi ta bayan gida."

Ya ce da mun sa shi amai, da maganin ya ƙara ƙone masa maƙogwaro, ko ma ya faɗa huhu.

Kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa, ana auna fitsarinsa a ga ko ƙoda ta tsira. Ban taɓa murna da fitsarin mutum ba sai a lokacin. Da ya samu bakin magana na durƙusa gaban gadon ina kuka, ina neman gafara.

"Tashi, ƙanena," ya ce. "Zoɓonka ne dai ba sukari."

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan, matar Yaya kuma ban sake tsokanarta da rashin baki ba. Tun ranar na san guba ba ta barin galan ɗinta, kuma in aka sha, asibiti ake nufa, ba kwanon manja ba.