Layar da Bature Ya Ɗauko a Ƙasan Teku

Idan ka tsaya wajen masu kifi a kasuwar Talata Mafara ka tambayi gwanin ruwa a duk bakin dam ɗin Bakolori, kafin ka rufe baki za a ce maka Bature Mai Laya. Za a gaya maka ruwa ba ya cin sa, kada na kauce masa, kuma aljanun teku ne suka ba shi kyauta hannu da hannu. Masu faɗar haka ba su taɓa ganin teku ba, amma rashin gani bai taɓa hana mutanenmu ba da shaida ba.

Bature ɗan masunta ne. An haife shi a wani ƙauye ta ɓangaren Maradun, bayan dam ya cinye gonakin kakanninsa. Itatuwan gonakin suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma su ne ke kama tarun masu su. Sana'arsa tun tasowarsa ita ce nutso: taru ya maƙale, ya ja numfashi, ya sauka ya kwance shi. Ya iya, wannan ba a raina masa. Abin da ke cin ransa shi ne ba shi kaɗai ya iya ba. Akwai amininsa Ɗanasabe, tare suka koya, tare ake kiran su, kuma da yawa sun fi fara ambaton Ɗanasabe. Bature yana son abokinsa tsakani da Allah, amma ya fi son a ce ya fi shi.

Wani mai fataucin shanu ne ya ba shi labarin wani kamfani a Legas da ke neman masu nutso, su kankare gindin jiragen ruwa, su ciro abin da ya faɗa. Bature ya bi tirelar shanu ya tafi. A can aka goya masa tukunyar iska a baya, aka sa masa gilashi a fuska da takalman roba irin ƙafar agwagwa. Mutumin da ya saba sauka da numfashi guda sai ga shi yana yawo a ƙasan teku hankali kwance.

Wata rana suna neman wani ƙarfe da ya tsinke daga jirgi, ya hango wani abu maƙale a ciyawar ruwa. Baƙi ne, mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba, ga ƙaho siriri a kowace kusurwa. Da ya taɓa sai ya ji fata. Gabansa ya faɗi, don duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san laya idan ya gan ta. Ya yi addu'ar da zai iya yi da roba a baki, ya cire abin, ya hau da shi.

Ogansu, wani mutumin Fatakwal, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗaga abin saitin rana ya ce Bature ya duba. A ciki ga gwaiduwa, ga wani ɗan abu yana motsi. Ya ce ƙwan kifi ne, wani kifi mai faɗi kamar faifai da doguwar wutsiya. Uwar takan saka kowane ƙwai a irin wannan jaka ta bar shi, idan ɗan ya isa ya fice. Ya sa shi ya mayar da shi inda ya same shi. Bature ya mayar, a gefe kuma ya tsinci wani fanko da mai shi ya riga ya fice, ya soke a wando. Saboda haka kada wani ya ce an ruɗe shi. Ya san abin da ya ɗauko sarai.

Aikin ya ƙare, kamfani ya karɓe tukunyarsa, Bature ya dawo gida da jaka ɗaya da labarai. Matarsa Zulaihat ce ta ci karo da abin tana wanki. Ta yar da shi tana salati, ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciya. Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika. Wani dattijo ya juya abin da sanda, ya ce, "Bature, ina kas samo wagga laya?"

Ya buɗe baki zai ba da labarin kifi mai kama da faifai, sai ya hango Ɗanasabe cikin taron yana yi masa wani kallo na girmamawa da bai taɓa samu daga gare shi ba.

"Ƙasan teku," in ji shi. Ya sunkuyar da kai. "Sauran kau ba a faɗi."

Washegari ya kai wa baduku aka rufe ta da jar fata. Daga nan magana ta ƙare, don kowa ya san ba a farke laya. Wanda ya farke ya karya ta. Ɓawon ƙwai ya shiga ɗinki ya zama abin da ba mai ikon dubawa.

Shekarun da suka biyo baya Bature ya ci duniyarsa da tsinke. Shi ake fara gaisarwa a bakin ruwa, shi ake ba kifin farko. Liman ya yi wa'azi a kan shirka, mutane suka fito masallaci suna cewa ai ko Liman ya san da ita. Bature ya yi tumbi, ya rage shiga ruwa, in an kira shi wuri mai wuya ya ce ranar ba ta shiga ba ce. Duk labarin da aka ƙaga a kansa bai taɓa cewa haka ne ba, bai kuma taɓa cewa ba haka ba ne. Da wannan yake lallashin zuciyarsa cewa shi bai yi ƙarya ba.

Wata kaka dam ya cika maƙil, sabon tarun Ɗanasabe ya maƙale a kan wata tsohuwar kuka, a wurin da masu nutso ba sa zuwa sai ruwa ya ja baya. Tarun nan shi ne abincin gidansa. Ya zo da safe ya sami Bature a zaure, suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Aron layar ga nika so, Bature. Yini guda."

Bature ya fi kowa sanin zurfin wurin, ya kuma san ba mai sauka can ya dawo sai da tukunyar iska.

"Bar tarun nan, Ɗanasabe. Ruwa shi ja tukuna."

"Kahin shi ja, taru ya ruɓe. In da babu layar, wallahi da ban kusanci wurin ba. Amma ga ta ga hannun ɗan'uwana. Ko rowa za ka yi mani?"

Magana guda ta isa ta hana shi. Da zai ce masa ɓawon ƙwan kifi ne, Ɗanasabe zai yi dariya, ko ya zage shi, ya haƙura da taru. Amma kafin azahar duk bakin ruwa zai ji, kafin ranar kasuwa Talata Mafara ta ji, yara su sa masa waƙa. Bature ya auna wannan da ran abokinsa, ya daɗe yana aunawa, abin kunyar ma ke nan. Sannan ya kwance layar daga damtsensa ya miƙa.

Ɗanasabe ya ɗaura ta, ya yi bismilla, ya sauka daga kwalekwale. Mutane suna bakin gaɓa suna hira, ba wanda ya damu, ai yana da laya. Bature kaɗai ke kallon ruwa. Da shirun ya yi yawa ya tuɓe riga ya faɗa, da tumbin nasa da komai. Ya sauka ya taso hannu wofi, ya sake sauka, har ya samo shi a rassan sama na kukar, taru ya naɗe masa ƙafa. Ya fito da shi jini na zuba daga hancinsa, amma Ɗanasabe ya riga ya cika.

Tun kafin a dawo daga maƙabarta mutane sun gama fassara. Laya ta san mai ita, ba ta son aro. Ga shi mai ita ya shiga babu ita ya fito lafiya, wanda ya ara ya tafi. A ranar darajar Bature ta ninka.

Ranar sadakar uku ya shiga yi wa Taiba, matar mamacin, ta'aziyya. Tana bayan labule, muryarta ta dushe don kuka. Ta turo wani ƙullin tsumma ta ƙarƙashin labulen.

"Malam Bature, ga ajiyarka, wajen wanka anka cire ta. Na hana shi, nac ce abin manya ba na kowa ba ne, bai ji ba. Shi yaj ja ma kai nai. Don Allah ka yahe mai, kar hakkinka shi bi shi kabari."

Ɗakin ba kowa sai su biyu da wata tsohuwa da ke gyangyaɗi. Matar nan za ta rayu tana ganin laifin mijinta, ta kuma gaya wa 'ya'yansa haka. Bature ya dubi ƙullin, ya dubi labulen, ya yi gyaran murya.

"Ba komi, Taiba," in ji shi. "Na yahe mai."

Ya ɗauki layar, ya ja hannun riga sama, ya ɗaura ta a damtse kafin ya fita wajen maza.