Ƙofa ta Biyu a Ajin Zana

Shan-inna ta kama ɗiyata tana shekara biyu, ƙafafunta duka suka shanye. Da hannu take tafiya, silifa a tafukanta. Da ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, na ɗauka ba za a karɓe ta ba, amma darakta ya rubuta sunanta tare da sauran yaran unguwarmu ta Zariya, ya ce aji ɗaya za su zauna. Kullum da safe ni ke ajiye ta kafin in wuce Jiratawa sarin zogale.

A makarantar nan nake karatun yaƙi da jahilci bayan la'asar. Ajin ƴan shekarar farko ake ba mu, wanda aka ɗaura da zana don ajujuwan siminti ba su isa ba. Wata rana na tambayi ɗiyata inda take zama, ta ce can ƙurya, gefen allo. Da yamma na je na zauna daidai wurin. Ƙofa ɗaya ce a ajin, ƙarama, sai an sunkuya, kuma babu wurin da ya fi nan nisa da ita. Ina cikin kallon ƙofar sai hayaƙi ya ratso zanar da ke bayana. Mai tuyar ƙosai ce ke hura murhu a bayan ajin, kuma nan take tuya da safe ma.

"Baba, yau alli ya yi maka nauyi ne?" in ji malaminmu. Tsofaffi suka yi dariya.

Sati biyu ban ce komai ba. Tsorona biyu ne. Idan na yi shiru, ga wuta. Idan na yi magana, kada a ce tunda haka ne in riƙe abata a gida. Uwarta ta ce, "Malam, da ƙyar muka samu aka karɓe ta, kada bakinka ya fitar da ita." Sai na koma barin ciniki da hantsi, in hau babur in zo in tsaya nesa ina duban hayaƙi.

Malamarsu ce ta gan ni, ta fito. "Baba, lafiya? Ko kai ma in rubuta ka a ajina?"

Na ce, "Madam, don Allah me ya sa aka kai ta ƙurya?"

Ta ce tausayi ne. In aka buga ƙarfen tashi, yaran kamar awaki suke fita, satin farko har sun take mata yatsu. Shi ya sa ta ɓoye ta inda ba mai bi ta kanta.

Sai na nuna mata murhun. Ta dubi murhu, ta dubi ƙofa, ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Bakin ƙofa su tattake ta, ƙurya kuma..."

Ita ta ja ni wurin darakta. Ya sa mai ƙosai ta matsa can gaba, amma da na roƙi a buɗe wata ƙofa gefen yarinyar, sai ya ce awaki za su shiga, yara kuma su riƙa sulalewa. Na ce zan yi mata marfi. Sai ya ce, "Je ka kawo wuƙarka."

Ranar Asabar na yanka zanar daga ƙasa, daidai tsawon ɗiyata, na ɗaura marfin kara da igiyar da hannu ɗaya ke kwancewa. Litinin madam ta sa yarinyar ta gwada. Ta fito da sauri, ƙasa a gwiwoyinta, tana ɓata rai.

"Baba, ƙofarka rana take shigo min da ita."

Na ce ta yi haƙuri da ranar.

Bayan damina za a kwance ajin a ɗaura sabuwar zana, masu ɗaurin kuma ba su san da ɗiyata ba. Na roƙi darakta a kira ni ranar. Ya ce to, amma mutum ne mai aiki da yawa.